Abubakar Imam: Malamin makarantar da aka ara na wata shida

A shekarar 1936 hukumar ilmi ta Lardunan Arewa ta nemi aron wani malami daga Makarantar Midil ta Katsina. Wa'adin aron wata shida ne, wurin aikin kuwa Ofishin Talifi da ke Zariya. Duk wanda ya daɗe a aikin gwamnati ya san irin wannan takarda: a ɗauke ma'aikaci daga teburinsa a kai shi wani ofis ya toshe wata kafa, in ya gama ya koma inda ya fito, matsayinsa da albashinsa suna nan yadda ya bar su. Malamin da aka ara shekarunsa 25, Turanci yake koyarwa, kuma bai wuce shekara huɗu da fara aiki ba. Sunansa Abubakar Imam. A cikin wata shidan nan ya rubuta Magana Jari Ce, littafin da har gobe ake auna zubin Hausa da shi. Da wa'adi ya cika sai ya tattara kayansa ya koma aji.

An haife shi a 1911 a Kagara, wadda a lokacin take ƙarƙashin Kwantagora, yanzu kuwa tana Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne da ya yi alƙalanci, saboda haka yaron ya buɗe ido ya tarar da allo da tawada da littattafan Larabci. Hanyar da aka shimfiɗa wa ɗan irin wannan gida a bayyane take: ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihu, ya gaji buzun ubansa. Abin da ya karkatar da hanyar shi ne wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara ashirin, ya kuma riga shi shiga boko har ya zama malami a Katsina. Hannun Malam Bello aka danƙa shi, ya yi makarantar lardi a can, sannan a 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina.

Ita wannan kwaleji, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, manufarta ɗaya ce: samar da malamai ga makarantun Arewa. Ahmadu Bello yana gaban Imam da shekara ɗaya, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana bayansa da shekara ɗaya, kuma dukansu da alli suka fara neman abinci. Babu wanda ya shiga kwalejin don ya zama marubuci, domin a wancan zamani babu wata sana'a mai wannan suna a ƙasar Hausa. Akwai malami mai wallafa waƙar wa'azi da ajami, akwai magatakarda mai rubuta wasiƙun sarki, akwai tsohuwa mai tatsuniya da dare. Amma mutumin da zai zauna ya ƙago labari mai tsawo da haruffan boko, a buga, a sayar, ya ci abinci da shi, ba a taɓa ganinsa ba. Da wuya yaro ya yi burin zama abin da ba shi da suna. Imam ya gama a 1932, aka ba shi aji a Midil ta Katsina, kuma bisa ga dukan alamu nan ne rayuwarsa za ta tsaya: ƙaramin malami, babban malami, wataƙila wata rana shugaban makaranta ko ɗan majalisar sarki.

A 1933 sai ga wani Bature, Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, yana zagaya manyan garuruwan Arewa. Damuwarsa ita ce an koya wa yara karatun boko amma ba su da abin karantawa in ban da littattafan makaranta da aka fassara daga Turanci. Sai ya sa gasa, ya roƙi masu ilmi su rubuta ƙagaggun labarai. Bai samu karɓuwa da sauƙi ba. A ganin manyan malamai rubutu abu ne mai daraja da ake keɓe wa addini da shari'a, labarin ƙirƙira kuwa hirar mata da yara ce, kuma ba girman malami ba ne ya sa sunansa a kan ƙarya. Duk da haka an samu waɗanda suka amsa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake da shekara 22.

Yana da kyau a dubi abin da ya faru da waɗannan mutane daga baya, domin a nan ne ake gane bambancin wanda ya iya abu da wanda aka yi shi domin abin. Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafi mai nauyi da tausayi, amma bai sake rubuta wani labari ba. Siyasa ta ɗauke shi har ta kai shi kujerar Firayim Minista. Bello Kagara ya koma ga karantarwa da shari'a, ya zama Walin Katsina. Gasa ɗaya suka shiga, dama ɗaya aka ba su, kowa ya nuna gwaninta. Imam kaɗai ne gasar ta buɗe wa ƙofar da bai ƙara rufewa ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja zai ga dalili. Ba zurfin jigo ne ya ɗaga littafin ba, domin labarin yawon duniya ne na neman ruwan magani, cike da damfara da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Abin da ya ɗaga shi shi ne harshen. Mutanen cikinsa suna magana kamar yadda ake magana a bakin kasuwa da ƙofar fada, ga ba'a, ga habaici, ga saurin kai, kuma mai karatu yana jin cewa wanda ya rubuta shi daɗi yake ji. Ana iya koya wa mutum ƙa'idar rubutu, amma wannan jin daɗin ba a makaranta ake samunsa ba.

East ya gane haka, shi ya sa ya nemi aronsa. A Zariya ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, ya ce ya karanta ya sarrafa. Suna zama su bi abin da ya rubuta, a gyara, a yanke, a sake. Sakamakon shi ne littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da tamanin, an ɗinke su da zare ɗaya: wani aku mai hikima a fadar Sarki Abdurrahman, wanda ya riƙe Yarima Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri, har daga ƙarshe shi akun aka naɗa waziri.

Manazarta sun bi sawun labaran nan sun gano asalin da yawa daga cikinsu a wasu ƙasashe, har wasu suka ɗauki hakan abin rage wa marubucin daraja. Wannan hukunci bai yi adalci ba. Aron labari tsohuwar al'ada ce a duniya, kuma su kansu littattafan da ya ara daga gare su aro suka yi. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya ara. Ya tuɓe wa labaran rigunansu ya sa musu na Hausa, ya ba su sarakuna da dogarai da fatake da 'yan kama, ya sa musu karin magana a baki, har ya zama ɗan makarantar da ya karanta su a Gusau ko Azare bai taɓa zaton sun taka teku kafin su iso shi ba. Sai dai kuma gaskiya ne cewa hannun East yana cikin aikin, kuma tsarin hukumar mulkin mallaka ne ya zaɓi abin da za a buga. Baiwar ta Imam ce, amma gonar da ta tsira a ciki ta gwamnati ce, kuma wannan ya bi shi har ƙarshen aikinsa.

Littafi na uku ya cancanci kulawar duk wanda yake aiki kusa da mai mulki. A cikinsa Waziri Aku yana horon ɗansa Fasih kan zaman fada: yaushe ake magana, yaushe ake shiru, yadda ake gaya wa shugaba gaskiya ba tare da an kunyata shi a gaban jama'a ba, da haɗarin da ke tattare da kusanci da sarki. Abin mamaki ne a ce saurayi ɗan shekara 25, wanda bai taɓa riƙe wani muƙami ba, shi ya tsara wannan. Kamar ya rubuta wa kansa jagorar aikin da zai yi shekaru arba'in masu zuwa.

Komawarsa Katsina ba ta daɗe ba. A ƙarshen shekarun 1930 gizagizan yaƙi sun haɗo a Turai, jita-jita ta cika kasuwannin Arewa, har da raɗe-raɗin cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus ƙasashen da take mulka don ta lallashi Hitila. A Ikko kuma Nnamdi Azikiwe ya kafa jaridar West African Pilot a 1937, tana sukar Turawa, 'yan bokon Arewa suna karantawa. Gwamnati ta ga tana bukatar bakin da zai yi wa Arewa magana da harshenta. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Wannan karon ba aro ba ne. Ya bar aji, ya bar Katsina inda ya girma ya yi suna, ya koma Zariya da zama, kuma can ya ƙare rayuwarsa.

Aikin jarida ya bambanta da na hikaya. Dole ya samo wa Hausa kalmomin abubuwan da ba ta taɓa faɗa ba: jirgin yaƙi mai nutso, majalisar dokoki, kasafin kuɗi, tsarin mulki. Dole kuma ya rubuta Hausar da Basakkwace da Bakano da Bazazzagi za su karanta ba wanda ya ji an ware shi, wadda kuma ba za ta gagari Bahaushen da ke nesa da gida ba, ko sojan da aka kai dajin Bama ne, ko dillalin shanu da goro a Sabo ta Ibadan, unguwar da Hausawa suka zauna tun 1916 a tsakiyar ƙasar Yarabawa. Kimanin shekara goma sha biyu ya yi a kan wannan kujera. Kaso mai yawa na abin da ake kira daidaitacciyar Hausa a yau, wadda gidajen rediyo da jaridu suke aiki da ita, a shafukan nan aka murje ta. Shafin wasiƙu kuwa ya zama dandalin farko da talaka mai ɗan karatu zai rubuta kukansa a buga, a karanta a lardin da bai taɓa zuwa ba.

Kujerar tana da ƙaya. Jaridar ta gwamnati ce, sarakuna suna sa mata ido, Razdan yana sa mata ido, matasa masu zafin ra'ayi irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano kuma suna ganin tafiyar hawainiya ake yi. Gwajin da ya fi fitowa fili ya zo a 1943, lokacin da aka gayyaci editocin Afirka ta Yamma zuwa Ingila ana tsakiyar yaƙi. Azikiwe ya shirya takardar neman a ba ƙasashen yankin mulkin kai cikin ƙayyadadden lokaci, ya nemi 'yan tawagar su sa hannu. Imam ya ƙi. Jaridun Kudu sun yi masa ca, kuma har yau akwai masu ganin ya tsaya wa Turawa ne. Amma a wannan tafiyar ce ya gana da Lord Lugard, wanda ya kafa tsarin mulkin Arewa ta hannun sarakuna, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana zayyana illolin tsarin: zaluncin da ake yi wa talakawa a ƙarƙashin En'e, da yadda ake wulaƙanta matasan da suka yi boko, da yadda jami'an Turawa ba sa jin kowa sai wanda zai gaya musu abin da suke so. Ya ƙi sa hannu a takardar da ba da shawararsa aka rubuta ba, ya je ya rubuta tasa da hannunsa. Ko an yarda da matsayinsa ko ba a yarda ba, halin mutumin ke nan: in zai yi faɗa, da alƙalami zai yi, kuma daga cikin gida. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Sannan siyasa ta zo ta yi masa tayi. Yana cikin 'yan bokon da suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko. Babban taron tsarin mulki da aka yi a Ibadan a Janairun 1950 ya haifar da tsarin Macpherson, aka yi zaɓe a 1951, Imam ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, daga nan ya wuce Majalisar Wakilai a Ikko. (Kada a rikita shi da Ibrahim Imam na Borno, wanda ya yi sakataren jam'iyyar a wannan zamani; mutum biyu ne daban.) A lokacin babu wani ɗan boko a Arewa da sunansa ya shiga gidaje kamar nasa. Abokan karatunsa na Katsina suna zama ministoci ɗaya bayan ɗaya, kuma da ya nace babu abin da zai hana shi samun rabonsa. Ya ga rikicin 1953, lokacin da ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956 ya raba majalisa, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Ikko, aka zubar da jini a Kano. Bayan wannan bai daɗe ba ya janye daga siyasar jam'iyya ya koma Zariya wajen littattafai, a daidai lokacin da aka kafa hukumar NORLA don samar da abin karantawa ga dubban manya da ake koya wa karatu a Yaƙi da Jahilci.

Mutane da yawa suna gane abin da ya dace da su, amma kaɗan ne suke iya juya baya ga abin da ya fi shi ƙyalli. Minista yana da mota da gida da 'yan rakiya. Mai gyaran rubutu a Tudun Wada yana da tebur da jan alƙalami. Imam ya ɗanɗana duka biyun kafin ya zaɓa, saboda haka ba za a ce rashin samu ne ya sa shi haƙura ba.

Sai dai labarin bai tafi sumul haka ba, domin gwamnati ba ta sakin mutumin da ta gane amfaninsa. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka sa shi a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga baya ya shugabance ta. Zamanin mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa ne, Turawa suna shirin tafiya, guraben aiki sun fi masu takardar cika su yawa, kuma kowane babba yana da ɗan da yake so a ɗauka. Aiki ne mai bukatar mutumin da ba a saye shi ba a kuma tsorata shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka zama manyan sakatarori a Kaduna da Ikko ta gaban wannan hukuma suka bi. A shekarun 1970 kuma ya riƙe ofishin karɓar koke-koken jama'a a Kaduna, wato ya koma sauraron irin kukan da yake bugawa a shafin wasiƙu shekara talatin da suka wuce, sai dai yanzu yana da ikon kiran ma'aikaci ya zo ya yi bayani.

Bai ajiye alƙalami ba a duk tsawon wannan lokaci. Ya rubuta tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tarihin Musulunci, da labarin aikin Hajji, kamar yadda tun da farko ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausa. Ɗan alƙalin Kagara ya dawo ga ilmin gidansu ta ƙofar boko. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba in ana yabonsa: duk ƙagaggun labaransa da ake tunawa da su ya gama rubuta su kafin ya cika shekara talatin. Bayan Magana Jari Ce bai sake ba Hausa wani aku ko wani Malam Zurƙe ba. Jarida ta ci ƙuruciyarsa, majalisa da hukumomi suka ci tsakiyar shekarunsa. Arewa ta samu edita da amintaccen shugaban hukuma, kuma ta bukace su ƙwarai. Abin da ta biya shi ne littattafan da mutum ɗaya tak zai iya rubutawa a zamaninsa. Shugaban hukuma ana iya samun wani in an bincika. Babu takardar da ta sake fitowa ta ba shi wata shida da ɗaki da tulin littattafai, ta ce kada a dame shi da komai.

An karrama shi yana raye. Ya samu lambar OBE daga Ingila da CON daga Nijeriya, Jami'ar Ibadan kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta, shi da bai taɓa rubuta babban littafinsa da harshen da ake koyarwa da shi a can ba. Kamfanin NNPC na Zariya, na ɗab'i ba na man fetur ba, wanda aka kafa a 1966, shi ya ci gaba da buga littattafansa, ɗalibai suna karanta su don jarrabawa, iyayensu suna karɓa su karanta don nishaɗi.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yunin 1981 yana da shekara 70. Bayan shekara takwas, a 1989, aka buga tarihin rayuwarsa daga rubuce-rubucen da ya bari, Abdurrahman Mora ya tsara shi. A ciki akwai Kagara da Katsina, da zamansa da East, da wasiƙunsa ga Lugard, da shekarun hukuma. Littafin da Turanci yake.